Aljani Ma Yana Son Hutun Salla

Akwai wata doka da ba wanda ya rubuta ta, amma kowa a ƙungiyoyin marubuta irin tamu yana bin ta sau da ƙafa: in kana so a kira ka marubuci na gaske, to lalle wani ya mutu kafin shafi na uku. In ba a mutu ba, a kama hanyar Libiya. In ba a kama hanya ba, fari ya cinye garke, ko a yi wa yarinya auren dole. Ku ɗauko fitowarmu ta baya ku ƙirga gawa, za ku ga ba sharri nake mana ba. Wanda ya kawo labarin ban dariya kuwa, sai a yi masa murmushin tausayi, a ce, "Ya yi daɗi fa, amma yaushe za ka rubuta abu mai ma'ana?"

Da wannan tambaya nake son yin faɗa yau. Makamin da na ɗauko kuma shi ne wanda masu dokar nan suka fi rainawa: littafin raha na lokacin biki, irin wanda Turawa ke fitarwa duk ƙarshen shekara a kan waɗansu ƴan mitsi-mitsin halittu masu tsinin kunne da doguwar hula, da ke aiki a masana'antar Baba Kirsimeti. Da Ingilishi ana ce musu elf, da Faransanci lutin. A irin littattafan nan ba a yaƙi, ba a annoba. Abin da ke faruwa shi ne abin da ke faruwa a kowane wurin aiki: shef mai baƙar magana, sabon ma'aikaci da ya ɓata oda, soyayya a ɗakin naɗe kaya, gulma wajen shan shayi, ga ranar biki tana matsowa aiki bai kammala ba. Mutum ya karanta cikin dare biyu, ya ƙyalƙyale, ya miƙa wa ƙanwarsa.

Maganata ita ce muna bukatar irin wannan littafi da Hausa, wanda ya tsiro daga ƙasarmu, kuma rashinsa asara ce ga harshen kansa. Ni ɗiyar Timia ce, ina karatun ilimin harsuna a Yamai, saboda haka daga gida da aji zan ɗebo hujjata.

Masu nahawu ne suka fara

Duk wanda ya zauna ajin tarihin harsuna ya sha fama da dokar Grimm, wadda ke bayyana yadda waɗansu baƙaƙe suka sauya a harsunan dangin Jamusanci, har p ta koma f. Jacob Grimm ya tsara ta a 1822. Shi da ƙanensa Wilhelm ne suka ɗauko aikin babban ƙamus na Jamusanci, aikin da ya cinye su, ya cinye waɗanda suka biyo su, bai ƙare ba sai 1961. To waɗannan dattawa biyu masu gemun ilimi su ne kuma suka fitar da tarin tatsuniyoyi a 1812, kuma a cikinsa akwai labarin wani talakan baduku. Fata ta ƙare masa sai ta takalmi ɗaya. Ya yanka ya ajiye ya kwanta, da safe ya tarar an ɗinka tsaf. Haka kullum har ya yi arziki. Rannan shi da matarsa suka laɓe, suka ga ashe waɗansu ƴan ƙananan halittu ne tsirara ke yin aikin da dare. Matar ta ɗinka musu tufafi, mijin ya yi musu takalma. Da suka sa kayan sai suka yi rawa suka fita, ba su sake dawowa ba.

Ga kuma Tolkien, farfesan tsohon Ingilishi a Jami'ar Oxford, mutumin da ya ƙirƙiri harsuna sukutum da nahawunsu. Daga 1920 zuwa 1943, duk Disamba sai ya rubuta wa ƴaƴansa wasiƙa da sunan Baba Kirsimeti, yana ba su labarin rikicin wurin aiki: wata farar dabbar ƙanƙara mai taimaka masa tana ta ɓarna, ga sakatarensa elf mai suna Ilbereth yana tsoma baki a gefen takarda. An buga wasiƙun a 1976, bayan mutuwarsa da shekara uku. Ba wanda ya ce darajarsa ta zube.

Kada ku ce abin Turawa ne. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai daga Zariya, kuma cikin littattafan da suka fito a 1934 akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Bello Kagara. Duka biyun akwai aljanu a ciki. Shekara casa'in ke nan da ɗoriya, har yau yaro na buɗe rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ya manta da tuwo. Rubutaccen labarin Hausa da dariya da aljanu ya fara tafiya. Mu ne muka zo daga baya muka ɗaure masa fuska.

Kar a kawo mana dusar ƙanƙara

Yanzu wani zai ce, to shi ke nan, a ɗauko ɗaya daga littattafan can a fassara. A nan ne zan taka burki.

Gwada fassara kalmar elf ka gani. Ka ce aljani, mai karatu ya fara neman tsari, alhali shi elf ɗin Kirsimeti ba ya ba ko jariri tsoro. Ka ce wada, ka zagi mutane, domin wada ɗan Adam ne. Ka ce dodo, shi kuma cin mutane ne sana'arsa. Ka ce ƙwanƙwami, an koma maganar rashin lafiya. Kalma ba ta tafiya ita kaɗai, da danginta take zuwa. Elf ya zo da bututun hayaƙi a rufin ɗaki, da barewar ƙanƙara, da safa rataye a bakin murhu. Mu a Abzin sanyi muna da shi, wanda ke tsaga leɓe a watan Janairu, amma ba ma rataye safa, sawa muke.

Akwai abin da ya fi wannan. Ku lura da bambancin tatsuniyar baduku da masana'antar Baba Kirsimeti. A ta farko, da ma'aikatan suka sami sutura sai suka tafi abinsu. A ta biyu ba mai tafiya. Suna aiki shekara da shekaru, ba albashi, ba hutu, suna waƙa. Me ya sa aka so wannan hoton? Domin yana rufe fuskar wanda ya yi kayan da gaske. Kaso mai yawa na ƙyale-ƙyalen Kirsimeti da ake sayarwa a duniya daga garin Yiwu na ƙasar Sin yake fitowa, kuma mutane ne masu ciwon baya ke yin sa, ba masu tsinin kunne ba. Littattafan elf masu kyau su ne waɗanda suka gane haka, suka sa elf ya tambayi ina haƙƙinsa. Marasa kyau kuwa talla ce kawai mai shafi ɗari biyu.

Saboda haka abin da za mu ara ɗaya ne: dabarar sa halittar ɓoye ta tashi da asuba ta tafi aiki tana gunaguni. Sauran kayan muna da su a gida, har sun yi mana yawa.

Namu tun can ma'aikata ne

Turawa sai da suka gina wa elf masana'anta a ƙarni na 19. Mu namu mutanen ɓoye tun tuni aka san su da muƙami da sana'a.

A labarun bori ana cewa iskoki suna da birninsu, Jangare, kuma waɗansu masu ba da labari ma sun ce wajen Abzin yake. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafi a 1983, ya kawo tsarin birnin gida goma sha biyu. Akwai sarki, akwai malami, akwai ɗan sarki mai caca da ɓarnar dukiya, akwai mahauta, akwai maharba, akwai makaɗa. Wannan ai gari ne da ofisoshinsa. A 1925 kuma, a yankin Filinge, sababbin iskoki suka ɓullo waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, Hausawa ke kira Babule. Su kuma da muƙaman bariki suka zo: gwamna, kumandan, kaftin, likita, direban jirgi. Talakawan da aka hana su magana sai suka kwaikwayi masu mulkinsu, da tafiyarsu da tsawarsu. Jean Rouch ya ɗauki ƴan ci-ranin Nijar suna yin haka a Akara, fim ɗin ya fito a 1955. Ba ina cewa a yi bori ba. Ina nuna muku ne cewa tunanin mutanenmu ya daɗe da sanin hanyar faɗin gaskiya kan shugaba ta bakin wanda ba a gani.

A Tamajak, harshen da na sha a nono, ana ce musu Kel Essuf. Essuf shi ne daji, shi ne kuma kewa, wato kaɗaicin da ke kama mutum a inda ba kowa. Kalma ɗaya ta haɗa wuri da abin da zuciya ke ji a wurin. Ana cewa suna zama a kufai, da tsofaffin rijiyoyi, da toka, da ƙarƙashin waɗansu itatuwa, shi ya sa ba a watsa ruwan zafi a ƙasa haka nan da almuru. Hausa ma haka take: ba a cika kiran sunan kai tsaye ba, sai a ce mutanen ɓoye, ko masu abu, ko iska. Wanda kake kauce wa sunansa kamar suruki, ai maƙwabci ne.

Ko a karatun allo an koya mana cewa aljanu sun yi wa Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aikin gini da nutso a teku, kuma Suratu Saba'i ta ba da labarin yadda suka ci gaba da wahala ba su san ya rasu ba, sai da gara ta ci sandarsa. Wannan ba wurin wasa ba ne, ban kuma kawo shi don a yi wasa ba. Na kawo shi ne don wanda ke cewa haɗa aljani da aiki baƙon tunani ne ya san ba baƙo ba ne.

Timia wurin aiki ce

Baƙo in ya zo Timia, bayan tafiyar fiye da kilomita 200 daga Agadas a kan duwatsu, abu uku yake ɗauka hoto: ruwan da ke zubowa daga dutse a wajen gari, da sansanin Faransawa da ke bisa tudu wanda ake kira Fort Massu, da lambuna kore shar a tsakiyar baƙaƙen duwatsu. Sai ya ce aljanna ce. To wa ya yi aljannar?

Lemu da rumman da dabino da alkama da albasa ba su san hoto ba, ruwa suka sani. Kafin injin ban ruwa ya yawaita, da takarkart ake yi: sa ko raƙumi yana jan guga daga rijiya, yaro na biye da shi, gaba, baya, gaba, baya, tun asuba har rana ta take. Mata da ƴan mata suna bin awaki cikin kwazazzabai, watanni ba su kwana gari ba, suna tatsa suna yin cuku. Maza kuma in Oktoba ta kama sai ayari ya tashi ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, a ɗauko kantu da beza da dabino, a dawo, a huta kaɗan, a gangara ƙasar Hausa a sayar a sayi hatsi. Mai jan ayarin ma madugu muke ce masa, kalmar da muka ara daga Hausa a kan wannan hanya. Ga maƙera, mazansu na ƙira matansu na dukanci, kuma ba biki sai da su.

Wani Bajamushe, Gerd Spittler, ya zauna da mutanen Kel Ewe na Timia, ya rubuta littafi guda a 1998 kan aikin makiyayan raƙuma da mata makiyayan awaki. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Amma da Jamusanci ne. Wato littafin da ya fi kowane bayyana wahalar iyayenmu mata yana cikin harshen da ko ɗaya daga cikinsu ba ta ji. Mu ƴaƴansu kuma muna Yamai muna rubuta labarin mutuwa a tekun Bahar Rum, wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba.

To ga abin da nake nufi. Wannan ƙirƙirata ce, wanda ya so ya ɗauka, na yafe.

A ce akwai wata ma'aikata a ƙarƙashin kwarin Timia, aikinta mayar da ruwa cikin rijiyoyi da dare. Shekara ɗaruruwa aikin na tafiya daidai, domin abin da sa ɗaya ya ja da rana, aljani ɗaya na iya mayar da shi kafin asalatu, har ya sami lokacin shayi. Sai ga injin ban ruwa. Mutum ya zuba isansi ya kunna, cikin awa biyu ya zuƙe aikin aljani goma. Shef ɗinsu, wani tsoho da ya zo daga kufan Asode tun garin na da mutane, kullum maganarsa ɗaya ce: a zamaninsu ba a ƙorafi. An ƙara awoyi, an hana konje. Wata matashiyar aljana da aka turo daga reshen Bilma, wadda ta saba aikin gishiri, ta fara tara sa hannu a kafa sandika. Saura kwana uku Babbar Salla suka shiga yajin aiki. Rijiyoyi suka yi ƙaf. A sama kuma ga wata yarinya ƴar shekara goma sha biyu da aka aika ɗebo ruwan jiƙa gero na egajira, ta leƙa rijiya, ta ji ana taro ana musu kan wa zai rubuta takardar koke, da wane harshe, tun da rabinsu Tifinag suka iya, rabi ajami, ɗaya kuma ya yi zama a Arlit yana ta jefa Faransanci ba a tambaye shi ba.

Kun yi murmushi ko ba ku yi ba? To ku duba abin da ya shigo ta ƙofar baya: maganar ruwan ƙasa da injuna ke zuƙa, maganar tsoho da yaro a wurin aiki, maganar mace mai jagoranci, maganar rubutu uku a gari ɗaya. Ba a yi wa kowa lacca ba. Kuma tambayar da ke ƙasan duk wani littafin biki ta fito fili: wa ke wahala don wasu su yi Salla? Ku tambayi tela a daren jajibere. Ku tambayi mai kitso da mai lalle, da uwar da ke tsaye kan tukunya sa'ad da kowa ke filin idi. Ku tambayi masu gyaran ganguna da ɗinkin kaya kafin Bianu a Agadas. Elf ɗinmu suna nan da ransu, sunansu kawai ba ma faɗa.

Ga masu cewa a'a

Na san su, tare muke shan shayi a fada. Kashi uku ne.

Na farko su ce shirka ce. Ƴan uwa, a yi hattara da wannan kalma, tana da nauyi. Shirka bauta ce da neman taimako. Tatsuniya kuwa tun daga buɗe ta har rufe ta mai faɗa yana shaida wa yara cewa ƙirƙira ce. Kakanninmu sun yi salla sun yi azumi, da dare sun ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo, ba wanda ya tashi ya yanka wa Gizo kaza. Abubakar Imam ɗan gidan malamai ne, bai ga laifin sa aljani a labari ba. Iyaka dai a bayyane take: kar a taɓa aya, kar a taɓa Annabawa, kar a koyar da tsafi. Kuma ba sai ka ɗauko sunan iskar da wani ke yi wa hidima ba. Ƙirƙiro naka, ai aikinka ke nan.

Na biyu su ce ƙasa na cikin wani hali, ba lokacin dariya ba ne. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni haushi, domin tana kama da tausayi amma raini ce. Wa ya ce muku wanda ke cikin wahala ba ya dariya? Ku je rijiyoyin zinari na Jado ko Cibarakaten, inda samarinmu suka kwarara tun 2014, ku ji irin barkwancin da ake yi a bakin rami. Ku tuna ranar da bursu ya makara, ɗakin wa aka fi cika? Na mai ban dariya. Ƙasar nan ce fa UNESCO ta sa wasan taubasantakarta cikin gadon duniya a 2014, wato duniya ta shaida cewa mu da tsokana muke kashe wutar rigima. Sai a kan takarda ne za a ce mu zama masu zaman makoki? Ku kuma lura da wanda ke cin ribar kukan. Ɗan jaridar waje in ya zo Agadas abu uku yake nema: baƙin haure, yuraniyom, bindiga. In mu ma abin da muke rubutawa ke nan, to mun zama masu yi masa aikin dare kyauta, kamar ƴan tsirarar gidan baduku, ko rigar ma ba a ɗinka mana ba. Ban ce a daina rubuta baƙin ciki ba. Na ce gidan da tukunyarsa ɗaya ce, kuma kullum maɗaci ake dafawa, yaransa maƙwabta za su koma ci. Sun ma koma: suna kan waya suna kallon fim ɗin Indiya da aka fassara a Kano.

Na uku su ce, ke Ba'abziniya, me ya kai ki yi wa Hausa yaƙi, ina Tamajak? Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce duk abin da na faɗa a nan ya hau kan Tamajak ma, har ya fi, kuma wanda ya iya ya rubuta da ita zan fi kowa murna. Amma Hausa ba baƙuwa ba ce a Abzin. Ita ce harshen kasuwar Agadas, ita kakannina suka yi ciniki da ita a Damagaram da Kano. Littafin da nake so Hausa ce da ƙamshin Tamajak a jikinta, yadda ake yin ta a tashar Agadas, ba wadda aka wanke da sabulu aka shanya ba. Aljanin Timia in ya fusata, da Tamajak zai yi zagi. A bar shi.

Harshen da ba ya wasa

A ƙarshen Maris na 2025 aka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi ta muhawara, masu murna na yi, masu fargaba na yi. Ni tambayata ta ɗalibar harshe ce: to me za a karanta da ita?

Doka na iya sa harshe a kan allon ofis, amma ba ta iya sa yarinya ta ɓoye littafi a ƙarƙashin kaye tana karantawa mushe na kan darasi. Abin da ake samu da Hausa a hannun yaro a ƙasar nan yawanci takardar rigakafi ce, ko ta wanke hannu, ko ta zaɓe. Duka suna da amfani. Amma ba wanda ya taɓa ƙaunar harshe saboda takardar wanke hannu. Ku dubi Kano: abin da ya sa dubban mata suka riƙe karatun boko da Hausa tun shekarun 1980 shi ne littattafan soyayya, waɗanda masana suka raina suka kira adabin kasuwa. Daɗi ne ya ja su, karatu ya zauna.

Kuma raha ce ke gwada ƙarfin harshe. Labarin kuka ana iya fassara shi daga kowane harshe ya tsaya da ƙafarsa. Barkwanci kuwa sai da kayan cikin gida. Ɗauki kalmar ma'aikata. A rubuce ɗaya ce, a baki biyu ce: in ka ɗaga murya a dukan gaɓoɓin, wurin aiki kake nufi, in ka sauke ta a tsakiya, mutanen da ke aikin kake nufi. Ka ga babi guda ke nan: takarda ta zo daga hedkwata cewa a rufe ma'aikata, shef ya kasa gane ko ƙofa zai kulle ko mutane. Faransanci ba zai iya wannan ba. Ga kalmomin da ke zana abu da sauti: tsamo-tsamo, zugum, wuf, tinjim, ɓutuk, sukuku. A rubutunmu na "ma'ana" mun kore su, wai ba su da nauyi, muna jera jimloli masu kama da sanarwar rediyo. Littafin aljanu ne zai dawo da su gida, domin aljani ba ya fita, sai dai ya yi wuf. Ba ya shiru, sai dai ya yi tsit.

Ga wata riba. Yau in aka ce a rubuta takardar neman hutu, ko rahoton taro, ko ƙorafin ma'aikaci da Hausa, da yawanmu sai mu tsaya cak, domin a Faransanci muka san su. Wanda ya zauna ya rubuta wa aljani takardar neman konje, dole ya yanke shawara: konje zai ce ko hutu? Sandika ko ƙungiyar ƙwadago? Dosiye ko fayil, kamar yadda ake cewa a Najeriya? Wace ce ta fi ban dariya a bakin shef, wace ce ta fi dacewa a bakin yarinya? Wannan shi ne aikin da kwamitocin kalmomi ke yi a ɗakin taro da lemun kwalba, amma marubucin raha yana yin sa a gaban alƙalin da ba ya karɓar cin hanci, wato mai karatu. Kalmar da ta sa shi dariya ta zauna. Wadda ba ta sa ba ta mutu, ko da hatimi goma a kanta.

Saboda haka ga shawarata ga ƙungiya. Fitowa ta gaba a ware rabinta. Kowa ya kawo babi ɗaya, shafi huɗu, kan mutanen ɓoye a wurin aikinsu ana jajiberen biki. Ɗan Maraɗi ya kawo aljanun da ke kwana a shagon tela. Ɗiyar Damagaram ta kawo na majema. Ɗan Tawa ya kawo na rumbun albasa. Na Timia ni zan kawo. Sharaɗi biyu ne: ba a mutuwa, kuma ba a rufe babi da "darasin da za mu koya". Kafin ka kawo, ka karanta wa ƙanenka ko ƙanwarka da ƙarfi. In ya ɗauki waya kana tsakiyar karatu, koma ka gyara. In ya ce "sai me ya faru?", kawo mu kai fotokopi.